Ranar da Baba ya gwada aikina a cikin gajimare

Na sake ɗaukar alƙalami da sunan Allah, Wanda ya tausasa wa ɗan Adam ƙarfe, ya kuma riƙe tsuntsu a sarari ba tare da igiya ba.

Ku 'ya'yana, kun sha jin ƙanena, Baffanku Sale, yana tsokanata a wajen suna ko ɗaurin aure, yana cewa duk gidanmu ni kaɗai aka yaye ba a ga aikina ba, wai alfarma aka yi mini. Kuna dariya, ni ma ina yi, domin wasa ne na wa da ƙani. Amma na lura jikoki sun fara ɗaukar maganar da gaske. Kwanan baya Ummi ta tsaya tana kallon gudumar nan da ke rataye a ɗakina, ta ce, "Kaka, a kasuwa ka saye ta? Ai sabuwa ce fil, ba ta taɓa dukan komai ba." Yarinyar ta ga daidai, gudumar ba ta taɓa dukan ƙarfe ba. To bari in faɗi yadda ta zo hannuna tun ina da bakin faɗa.

Gidanmu a Roni gidan ƙira ne, maƙeran baƙi, kaka da kakanni. Da ƙarar masaba muke tashi, da warin gawayi muke kwana. Idan damina ta ƙarato, manoma daga Gwiwa, daga Achilafiya, har daga tsallaken iyaka masu biya da sefa, za ka gan su jere a ƙofar maƙera, kowa da garmarsa ko fartanyarsa. Muna da wata al'ada, ban sani ba ko sauran gidajen ƙira suna yi, amma mu a kanta muka tashi. Yaro zai fara da zuga, ya koma riƙe awartaki, ya koma dukan masaba. Idan ya kawo ƙarfi sai ya ƙera abu guda shi kaɗai, tun daga ɗanyen ƙarfe har sa ƙota. Uba zai ɗauki abin ya tafi gona ya wuni yana aiki da shi. Shi kuwa mai ƙirar ba ya binsa. A gida zai zauna yana jira, don kada ya tsaya a kan uban yana kawo uzuri, yana cewa ƙasar ce ta yi tauri. In aikin ya jure, uban ya dawo ya ɗora shi a kan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kai, dattawan gida kowa ya ɗauka ya jujjuya ya nemi tsaga. In babu, a shafa fatiha, a ba yaro gudumarsa. Wannan shi ne yaye. Kafin a yi shi kuwa, ko gemun mutum ya kai ƙirji, gidanmu ba ya tashi ya je nema masa aure. Daga baya na ga irin wannan a Jamus, inda mai koyon sana'a ke kai aikinsa gaban manyan sana'ar su duba, na kuma ji labarin makamancinsa a Faransa. Amma ban ga inda uba da kansa yake ɗaukar aikin ya je ya jiƙe da gumi a kansa ba sai a gidanmu.

Ni boko ya ɗauke ni tun ina kan zuga, a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Baba bai so boko ba, bai kuma hana ba. Ranar da na zo masa da labarin an ɗauke ni koyon gyaran jirgin sama, yana zaune yana fiƙe bakin lauje, bai ko ɗago ba.

"Da me ake yin jirgin?"

"Da alminiyam, Baba."

"Ƙarfen ludayi?" Ya ajiye laujen. "Ashe aikin maƙeran fari ne."

"Gangar jikin ke nan. Injin kuwa baƙin ƙarfe ne, yana jure wutar da ta fi ta maƙerarmu."

"To kama injin," in ji shi. "Bar musu ludayinsu."

Daga ranar, duk jirgin da ya gifta ta saman duwatsun Roni yana gangarawa Kano, Baba sai ya dakatar da masaba ya nuna wa manoma, ya ce ɗansa Lawal maƙerin wannan ne. Har kasuwar Kazaure an san zancen.

Na kama injin kamar yadda ya ce, kuma na so shi. Hannuna ya riga ya san ƙarfe, sai karatun ya zo mini kamar komawa gida. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kamfanin da ya ɗauke mu yana ta sayen sababbin jirage, sai aka zaɓi wasunmu aka tura Ingila ƙaro ilmi. A can ne al'amarin ya juya. Muna da wani malami, tsoho ɗan Sikotilan, muna kiransa Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa ko babu wuta. Shi yake koyar da fannin da suke kira abiyoniks, wato na'urorin lantarki da jirgi ke gani da ji da gane hanya da su. Mu 'yan injin raina ajinsa muke yi, muna cewa aikin masu laushin hannu ne. Wata safiya ta hunturu muka tashi hazo ya rufe gari, irin hazonsu mai jiƙa riga, wanda in ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka. Sai Mai Lofe ya shigo ya ce mu ajiye littattafai mu bi shi. Ya kai mu can gefen titin saukar jirage, muka tsaya a ciyawa muna rawar ɗari, babu abin da ake gani sai fari.

"Ku yi shiru ku saurara," in ji shi.

Muka ji gurnani a sama, can nesa. Yana matsowa, yana ƙara nauyi, har na ji shi a ƙashin ƙirjina. Na ce a raina wannan matuƙi ya halaka kansa da mutane, don ni da nake tsaye a ƙasa ma ban san inda titin yake ba. Sai hazon ya yi haske a wuri guda, kamar an kunna fitila a cikin ƙwaryar nono. Sai ga ƙafafu, ga ciki, ga fukafukai, dutse guda na ƙarfe ya fito daga cikin babu, ya ɗora tayoyinsa daidai kan farin layin da ke tsakiyar titi, kamar wanda aka zare da zare. Ya wuce mu, hazo ya sake haɗiye shi. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba.

Mai Lofe ya cire lofensa ya dube ni.

"Injinka ne ya ɗauko shi daga inda ya fito," ya ce. "Amma ba injinka ya nuna masa ƙofa ba."

Da muka koma aji ya zana mana yadda abin yake. A bakin titi akwai na'urori masu aika saƙon rediyo sama, siriri, a karkace kamar gangaren tudu. A cikin jirgi akwai akwatin da ke kama saƙon, ya mayar da shi allura biyu a fuskar agogo guda a gaban matuƙi. Ɗaya tana cewa ka yi dama ko ka yi hagu, ɗaya tana cewa ka yi sama ko ka yi ƙasa. In suka gicciye a tsakiya, kana kan hanya. Inna, mahaifiyata, Bafulatana ce daga Gwiwa, na kuma taɓa bin kawunnaina da shanu, na san burtali. Sai na ga wannan ma burtali ne, amma an shimfiɗa shi a iska, babu kofato a kai, babu ƙaya a gefe, ido ba ya ganinsa, kuma ga rayuka suna sauka a kansa kowace rana. Ya nuna mana tsohon jirgi mai kujerar ma'aikacin rediyo da ta mai duba taswira, ya nuna mana sabo inda kujerun suka ɓace, akwatuna suka gaje su a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin ƙafafun matuƙa. Ya ce duk jirgin da za a ƙera nan gaba, wannan ɗaki sai ya fi na baya girma. Bai yi ƙarya ba. Na rayu na ga allurai sun koma gilashi mai rubutu, na ga igiyoyin ƙarfe da ke jan fukafukai sun koma siraran wayoyi, na ga jirgi a Faransa yana sauka matuƙi ya naɗe hannu, na yi aiki a Jidda da samari waɗanda jirgi da kansa yake gaya musu inda ke masa ciwo. Amma duk cikin waɗannan babu wanda ya girgiza ni kamar safiyar nan.

Na nemi a mayar da ni ajin Mai Lofe, aka yarda, da sharaɗin zamana zai ƙaru. Abokan tafiyata suka dawo gida suka sami girma, ni ina can ina koyon liƙa waya da dalma. Ban shawarci Baba ba, don ban san da wane harshe zan bayyana masa ba. Ina da Turanci, ina da Fulatanci, ina tsintar Faransanci a lokacin, amma babu wanda ke da kalmar da za ta shiga kunnen maƙeri.

Na dawo da bazara, aka ajiye ni a filin jirgi na Kano. Kafin in tafi akwai magana tsakanina da mahaifiyarku Hajara, 'yar Malam Isyaku na Babura. Ta jira ni har ta gama makarantar horon malamai, ta fara koyarwa. Abin da ya rage kawai manya su je. Manya kuwa ba za su je ba sai an yaye ni. A lokacin har an yaye Sale, ƙanena, ya yi aure, yana tafiya yana buɗa kafaɗa.

Washegarin isowata Baba ya tara Baffa Ɗanjuma, wansa, da sauran dattawa a maƙera. Goggo Abu, ƙanwarsu, ta tsaya a bakin zaure, don ita ba a yin komai a gidan ba da ita ba. Na zo da shirina. Tun a shekarar farko ta koyon gyaran jirgi an sa kowannenmu ya goge ƙarfe biyu da magagari har su shiga juna, haske ba ya ratsa tsakaninsu. Na fito da nawa. Baffa Ɗanjuma ya ɗaga shi ga rana, ya raba, ya mayar, ya girgiza kai.

"Kai! Wannan ko ruwa ba zai bi ba. Hannun gidan nan ne."

Baba ya karɓa ya daɗe yana shafawa da babban yatsa. Na ga daɗi a fuskarsa. Sannan ya tambaya.

"Da irin wannan za ka ci abinci?"

"A'a, Baba. Wannan na farkon koyo ne. Na bar injin."

Na shiga bayani, burtali a iska, allura biyu, akwati. Ina magana ina jin yadda maganar ke faɗuwa ƙasa.

"Tsaya," in ji Goggo Abu. "Da me kake aikin? Da guduma?"

"Da ɗan ƙarfe mai zafi, Goggo, da dalma."

"Dalma! Irin ta masu liƙin buta?"

Sale ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ashe ka zo a daidai. Butar alwalar Inna tana yoyo."

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙo mini ƙarfena da hannu biyu, yadda ake mayar wa baƙo kayansa.

"Aiki ne mai kyau, amma ba sana'arka ba ce. Kawo mini abin da za ka ci abinci da shi, in gwada, in ɗora a nan." Ya dafa uwar maƙera. "Ni ban san wata hanya ba."

Daga ranar, in jirgi ya gifta, masabar Baba ba ta tsayawa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da dariyar Sale.

Damina ta faɗi, ina Kano ina zuwa gida ƙarshen mako. Malam Isyaku mutum ne mai kawaici, amma ya aiko da cewa mutane sun fara tambayarsa, shi kuma amsarsa ta kusa ƙarewa. Na je Babura na sami mahaifiyarku a zaure tana gyara littattafan ɗalibai.

"Ni fa ban gane ba," ta ce. "Turawa sun yarda ka taɓa jirgi, amma Roni ba ta yarda ka taɓa aure ba?"

"Al'adar gida ce."

"To ka ɗauko musu jirgin ka ɗora a kan maƙerar mana."

Inna kuwa ta ja ni gefe, ta yi mini magana da Fulatanci, yadda take yi in ba ta so dangin miji su ji. Ta ce in shiga maƙera in ƙera fartanya kawai, ai na iya, a wuce wurin. Na kai wa Baba wannan shawara. Ya ce fartanyar da za a ƙera don a toshe bakinsa ba aiki ba ce, cin hanci ne.

Ana cikin haka wani jirginmu ya zo da ciwo mai wuyar sha'ani. Matuƙa suna kawo ƙara cewa allurar hagu da dama takan yi fizga a sama, jar tutar gargaɗi ta leƙo ta koma. In an sauka an gwada a ƙasa, lafiya lau. An canja akwati, an canja agogo, ciwo yana nan. Aka ba ni. Na ce tunda sabon akwati bai warkar ba, ciwon yana kan hanya. Na shiga bin wayar taƙi-taƙi, tun daga eriyar da ke hancin jirgi, ina kwance a wurin da ko akuya ba za ta so shiga ba, ina girgiza kowace mahaɗa ina kallon mita mai auna wutar lantarki. A wata mahaɗa mita ta motsa. Na kwance, sai ga ɗan kore-kore na tsatsa, bai kai ƙwayar gero ba, inda ruwan damina ke tsattsafowa. A ƙasa da zafi yana kamawa, a sama da sanyi da jijjiga yana saki. Na yanke, na sa sabuwa, na toshe inda ruwan ke bi, muka gwada ta kowace fuska. Shi ne aiki na farko da na sa hannu a kansa da sunana, ba a ƙarƙashin wani ba.

Ranar Juma'a ina tsakar gida ina ba Inna labari, ban san Baba yana alwala a bayan rumbu ba. Sai na ji muryarsa.

"In da ka ɓata aikin, me zai faru?"

"Akwai na'ura ta biyu, Baba, akwai kuma gargaɗi. Amma in allura ta yi ƙarya ba a gane ba, matuƙi zai bi ta cikin gajimare zuwa inda babu titi."

"Da mutane a ciki."

"Da mutane."

Ya fito yana yarfe hannu.

"Ashe aiki ne da ake gwadawa. Ina gonarsa?"

Na nuna sama.

"To nemo mini wuri. A wannan jirgin da ka taɓa, ba wani ba."

Inna ta saki muciya ta shiga salati. Goggo Abu ta ce mutumin da ko jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba, wanda in ya je Kazaure a mota sai ya kwana yana jiri, shi ne zai hau sama? Baba ya ce ubansa ya gwada gatarinsa a kan kirya, shi ya gwada na Sale a kan kirya, ba zai gwada na Lawal a kan rama ba.

A zamanin ma'aikaci yana da damar ɗaukar mahaifinsa, kuma matuƙi yana iya zaunar da baƙo a kujerar da ke bayansa. Jirgin zai je Ikko da safe ya juyo da la'asar. Matuƙin ranar, Kyaftin Bulus, mutumin Filato ne, Hausarsa kamar a Fagge aka haife shi. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya gane, in kawo tsohon.

Baba ya zo cikin babbar rigarsa ta Idi, da butarsa, da goro a aljihu. A gindin matakala ya tsaya ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da ɗan yatsa, ya saurara, ya taɓe baki. Na sa ƙafa zan bi shi, sai ya juyo.

"Ina za ka?"

"Zan raka ka, Baba, in riƙa yi maka bayani."

"Mai ƙira ba ya bin fartanya gona. Koma ka jira."

Na koma. Na tsaya ina kallo jirgin ya ɗaga da ubana a ciki.

Wunin nan ban iya riƙe ko sukuddireba ba. Bayan azahar gabas ta haɗe, hadari ya taso baƙi ƙirin, aka yi iska, aka kece da ruwa. Ƙarfin hadarin ya wuce, amma ya bar ruwa mai naci da gajimare da ya sauko ƙasa-ƙasa har hasumiyar filin ta ɓace. Na tsaya a ƙofar rumfar jirage. Ilmina yana gaya mini aikin daidai yake, na gwada, akwai na biyu, in matuƙi bai ga titi a inda ya kamata ba zai tashi ya sake zagayowa. Zuciyata kuwa ba ta jin Turanci. Ita dai ta san ubana yana cikin wancan farin, yana gangarowa a kan wata 'yar waya da na liƙa da hannuna. A lokacin na gane dalilin da ya sa kakanninmu suka hana mai ƙira bin fartanya. Ba don uzuri kawai ba ne. Don ya ɗanɗana jiran ne, ya san nauyin abin da zai riƙa miƙa wa mutane har ƙarshen ransa.

Sai na ji gurnanin. Na fita cikin ruwan ban sani ba. Ya matso, ya yi nauyi, babu abin da ake gani. Sai farin ya yi haske a wuri guda, kamar dai safiyar Ingila, amma wannan karon ƙasarmu ce, warin jiƙaƙƙiyar ƙasarmu ne. Fitilu suka huda gajimare, ƙafafu suka bayyana, jirgin ya fito daidai saitin titi, bai karkata ko kamu ɗaya ba, ya taɓa ƙasa ruwa ya tashi a bayansa kamar fukafukai na biyu. Na sami kaina a durƙushe a cikin taɓo.

Baba ya sauko a bayan kowa, da butarsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka jiƙe," ya ce.

Kyaftin Bulus ne ya ja ni gefe ya ba ni labari. Ya ce tsohon bai ji tsoro ba, sai tambaya. A Ikko ya leƙa ya ga teku, ya ce wannan gari ruwa ya fi ƙasa yawa, me suke nomawa? A dawowa, da suka shiga gajimare tagogi suka koma fari, sai ya dafa kafaɗar Kyaftin.

"Yaro, kana ganin ƙasa?"

"Ba na gani, Baba."

"Amma sauka kake yi."

"Sauka nake yi."

"A kan maganar wa?"

Kyaftin ya nuna masa allurai biyun, ya ce a kan maganar waɗannan, kuma ɗanka ne ya gyara musu harshe. Ya ce daga nan tsohon ya matso kusa. Ya sunkuyo ya kafa wa agogon ido ko ƙiftawa babu, yadda maƙeri ke kallon ƙarfe a wuta yana jiran launinsa. Da titi ya buɗe a gabansu, miƙe sambal a inda allurar ta ce yana nan, sai ya sauke numfashi ya yi kalmar shahada, sannan ya ciro goro ya miƙa wa Kyaftin tun jirgin bai gama gudu ba.

A motar Roni Baba ya juya fuskarsa ga taga. Kallon gonaki yake ta yi, gero ya kai ƙirji. Na kwana ban san matsayina ba.

Da hantsi ya aika a kira dattawa. Aka zauna kamar wancan karon, Goggo Abu a bakin zaure, Sale a gindin zugazugi yana murmushi, Inna a bayan danga tana leƙe. Uwar maƙera tana tsakiya, babu komai a kanta.

"To, an ce ka gwada," in ji Baffa Ɗanjuma. "Ina aikin? Al'ada sai an ɗora mun gani."

Baba ya tashi. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya sunkuya ya shimfiɗa tafinsa na dama a kan uwar maƙera, hannun nan mai tabon wuta, mai kanta kamar bayan kunkuru.

"Ga shi," ya ce. "An kai shi inda babu ƙasa, an dawo da shi ta inda babu hanya. Ku juya ku duba ko akwai tsaga."

Babu wanda ya motsa. Can Baffa Ɗanjuma ya matso, ya ɗauki hannun ƙaninsa da gaske, ya juya shi ciki da baya, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga shi ga rana kamar yadda ya yi wa ƙarfena.

"Tsohon ƙarfe ne," ya ce, "amma babu tsaga."

Goggo Abu ta rangaɗa guɗa. Aka shafa fatiha. Baba ya shiga ɗakinsa ya fito da guduma, ƙotarta har ta yi duhu don ajiya. Ashe tun shekarar da na tafi ya ƙera ta, lokacin da yake nuna wa manoma jirgi. Ya sa mini ita a hannu, bai saki da wuri ba.

"Na san ba za ta ga wuta ba," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Uwar maƙera ta Sale ce. Kai ka riƙe wannan, ka riƙa tuna akwai mai jira a ƙasa."

Ban sake zama na yi ƙira tare da shi ba har ya bar duniya, kuma na san abin ya tsaya masa a rai, kamar yadda ya tsaya mini. A makon nan Baffa Ɗanjuma ya ɗauki goro ya nufi Babura. Sale ya ce mini bayan na koma Kano, da jirgi ya gifta ta saman duwatsu, masabar Baba ta tsaya.

To Ummi, ba a kasuwa na saye ta ba. Kuma in Baffa Sale ya sake cewa ba a ga aikina ba, ku gaya masa yana wurin, a gindin zugazugi, lokacin da aka ɗora shi. Allah ya jiƙan hannun nan, ya sa ya sauka lafiya a inda ido ba ya gani.